Faifan Hawan Daushe: yadda nake fama da ja da koren dogarai daga HD zuwa DVD

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Aikin da ke hannuna wannan watan shi ne haɗa bidiyon hawan sallah a mayar da shi faifan DVD, zan riƙa rubuta yadda ake ciki saboda 'yan uwa masu editin da irin wannan aikin ke faɗowa hannunsu. Mai aikin wani dattijo ne a cikin gari, gidansu suna hawa tun kaka da kakanni, 'ya'yansa sun tara bidiyo na shekarun baya, yawanci Hawan Daushe ne sai ɗan abin da aka ɗauka a Hawan Nassarawa, to tunda yaji a rediyo UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya a Disambar 2024 ya dage sai an haɗa masa nasa wuri ɗaya. Kuma faifai yake so. Nace Baba ai filashi ya fi sauƙi, yace shi dai faifan da zai sa a na'urarsa ya kalla a tibinsa mai doro, ya kuma aika wa 'yan uwa na ƙauye.

Kayan da aka kawo iri uku ne. Akwai na kyamarar Sony ta kafaɗa, 1920x1080, irin mai layi-layi 50i, wato kowane firem rabi biyu ne da aka saƙa. Akwai na wata tsohuwar Canon 600D, shi ma 1920x1080 amma firem 25 cikakku. Sai 'yan guntaye na iPhone da na ajiye gefe tukuna. Inda za mu kuwa PAL ne, wato tsarin tibi na SD mai ƙaramin hoto, tunda shi muke amfani da shi a Najeriya, 720x576, firem 25. In ka buga lissafi HD ɗigo 2,073,600 ne a firem ɗaya, PAL kuma 414,720, kashi ɗaya cikin biyar cif, wannan asarar kowa ya yarda da ita, ba yadda za a yi. Wadda ban yarda da ita ba ita ce asarar kala.

Yaron da ke koyon aiki a wurina ya riga ya jefa wani yanki cikin irin kwambatan nan na kyauta da ake saukewa a intanet, wato manhajar mayar da bidiyo wani tsari, don mu ga yadda zai fito. Farar babbar riga lafiya lau, baƙin doki lafiya lau, ƙasa da katanga ba laifi. Dogarai ne suka tona asiri. Jan rigarsu ya yi duhu ya dushe, koren kuma ya yi wani ƙyalli yana neman komawa ɗanyen ganye, sai wani mahayi mai alkyabba ruwan ɗorawa da ta karkata zuwa kore-kore. Yaron yace Yaya ai sai mu ƙara ja a rage kore a editin. Nace a'a kar ya taɓa komai.

Laraba, 8 ga Janairu

Yau zama nayi da shi da takarda da biro, don in bai gane wannan ba zai ƙare rayuwarsa yana murɗa kala da ido.

Bidiyo ba ya ajiye ja da kore da shuɗi kai tsaye. Yana raba hoto gida uku, Y wato haske, sai Cb da Cr masu ɗauke da kala. Ana samun Y ne ta hanyar ɗiban wani kaso daga kowace kala a haɗa, kuma a nan rigimar take don ƙa'idar HD da ta SD kasonsu ba ɗaya ba ne. Ƙa'idar SD ita ce Rec. 601, tun 1982 take, ita tana ɗaukar 0.299 na ja, 0.587 na kore, 0.114 na shuɗi. Ta HD ita ce Rec. 709 da ta fito a 1990, ita kuma 0.2126 na ja, 0.7152 na kore, 0.0722 na shuɗi. Wannan lissafin shi ake kira matris. Kyamara ta ɗaure hoto da matris ɗin 709, na'urar DVD kuma in ta tashi kwancewa da 601 take kwancewa don ita abin da ta sani kenan, ba ta tambayar kowa. Kamar ka auno gero da mudun Dawanau ne ka je wani gari a karɓa da nasu mudun, buhun dai shi ne amma lissafin ba zai taɓa dacewa ba.

Abin da kwambatan yayi kawai ya matse girman hoton ne daga 1080 zuwa 576, lambobin Y da Cb da Cr ya bar su yadda suke. Na buga masa lissafin a gabansa. Ja tsantsa, 255 da 0 da 0, in aka ɗaure da 709 aka kwance da 601 zai dawo wajen 233, 0, 2, ya rage ƙarfi kenan. Kore tsantsa zai dawo 20, 255, 8, ja ya ɗan shiga cikinsa, kuma a gaskiya koren ya zarce 255 an datse shi ne, shi ya sa koren da bai kai ƙarshe ba kamar na tufafi kake ganin ya ƙara haske. Ruwan ɗorawa shi ma korensa ke hawa sama da jansa, alkyabbar can kenan. Fatar mutane tana ɗan yin duhu ta rasa ɗuminta, kaɗan ne amma in ka jera hotunan biyu za ka gani.

Fari da baƙi da ruwan toka kuwa ba abin da ke samunsu, saboda a wurinsu Cb da Cr ba su ɗauke da komai, duk matris ɗin da ka bi amsa ɗaya ce. Wannan ne ya sa matsalar ke wuce mutane da yawa. Ka yi bidiyon ɗaurin aure kowa cikin farar shadda, ka duba ka ga komai daidai, sai ranar da aka kawo maka kamu ko dina mata sun sha anko ja ko kore sannan uwar amarya ta kira ka tace ba wannan atamfar suka saya ba.

Kuma dalilin da ya sa na hana shi gyara da ido, kuskuren ba gefe ɗaya ya tafi ba. Ja ya sauka, kore ya hau, fari bai motsa ba. In ka ƙara ja a hoton gaba ɗaya don ka ceto rigar dogari sai rawanin hakimi ya koma ruwan hoda. Abin da lissafi ya ɓata lissafi ne zai gyara shi, kuma layi ɗaya ne kacal.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kafin in sa bidiyon Baba a ciki sai da na gwada hanyar da sandunan kala, irin waɗanda gidajen tibi ke sawa kafin a buɗe tasha. ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake rubuta wa umarni, yana yin su da kansa, smptehdbars sunan abin, na fitar da na 1920x1080 na bi da shi duk inda ainihin bidiyon zai bi. Amfanin sanduna shi ne an san lambobinsu, ba ruwanka da ko sikirin ɗinka ya tsufa ko hazo ya lulluɓe shi, don wallahi ƙurar hunturun bana ko ka goge da safe kafin azahar ta dawo.

Ga abin dubawa. Sandar ja ta kashi 75, a 709 lambobinta Y 51, Cb 109, Cr 212. A 601 kuma 65, 100, 212. Sandar kore a 709 133, 63, 52, a 601 kuma 112, 72, 58. Saboda haka in ka gama sauyi ka duba hasken ja ka ga har yanzu 51 yake to ba a sauya komai ba, hoton kawai aka ƙanƙance. In ya koma 65 kore ya sauko 112 an yi aiki. Fayil ɗin kwambatan nan da na bi da sanduna ta cikinsa, 51 da 133 ya ba ni.

Sigar ffmpeg da ke kwamfutata ita ma in kace mata scale=720:576 kawai ba ta taɓa matris, sai ka faɗa mata da baki. Abin da na sa:

scale=720:576:in_color_matrix=bt709:out_color_matrix=bt601

Ja ya koma 65, kore 112, har na kira yaron nace zo ka gani da idonka. Bayan sauyin kuma sai a sa wa fayil lakabi, a rubuta a jikinsa cewa matris ɗinsa bt470bg ne, wato 601 na ɓangaren PAL, a MPEG-2 lamba 5 kenan, 709 kuma lamba 1. Abu biyu ne daban kuma mutane na haɗa su. Lakabi ba ya sauya hoto, sauyi kuma ba lallai ya gyara lakabi ba. Na taɓa karɓar fayil daga wani abokin sana'a an rubuta 601 a jiki amma cikinsa 709 ne zalla, an canja suna kawai. Na'urar DVD ta gida galibi ba ta ma kula lakabin, amma kwamfuta na kula, kuma faifan nan na san wata rana wani jika zai kwafe shi zuwa laftof.

Masu aiki da DaVinci Resolve ko Premiere su fitar da SD kai tsaye daga can yawanci ba sa gamuwa da wannan, don manhajar tana kwance hoton ne ta sake ɗaure shi da matris ɗin da ya dace. Inda ake faɗawa rami shi ne ka fitar da masta na HD, wato babban kwafin aikin da aka gama, sannan ka miƙa wa wata ƙaramar manhaja ta mayar DVD. Ni dai ko wacce hanya ce sai na wuce da sanduna tukuna.

Asabar, 11 ga Janairu

Ba wani aiki sosai yau, wuta ba ta zauna ba kuma batirin inbata ba zai ɗauki dogon rendarin ba. Na leƙa Ƙofar Wambai neman faifai marasa komai, ana samu har yanzu amma ba kamar da ba lokacin da kasuwar fim ke kan faifai. Lissafin wuri: faifan 4.7 GB, aikin zai kai wajen minti 90, bidiyo a 6000 kbps sauti AC-3 a 192, jimla wajen 4.2 GB, akwai sauran wurin menu. DVD na iya kai bidiyo har 9.8 Mbps amma ba zan matsa kusa da nan ba, tsofaffin na'urori da faifan da aka ƙona a kwamfuta ba sa shiri da bitret mai yawa, sai ka ga yana tsalle.

Talata, 14 ga Janairu

Yau Canon ta zo da nata salon. Na sa a gwada wani yanki nata da layin da yayi wa Sony aiki, sai ga dogari cikin riga ruwan lemo, koren kuma ya yi duhu, akasin matsalar farko sak. Na buɗe fayil ɗin da ffprobe, mai karanta bayanan da ke jikin bidiyo, ga abin da ya rubuta: yuvj420p, pc, smpte170m/bt709/bt709. Ma'ana wannan kyamarar duk da 1080 take ɗauka, matris ɗinta 601 ne tun daga gida. Haka tsofaffin Canon na wannan zamanin suke, irin su 550D da 600D da 7D. To in ka ɗauki abin da yake 601 kace wa manhaja 709 ne ta mayar maka 601, ka yi sauyi sau biyu kenan, ja tsantsa sai ya dawo wajen 255, 25, 0, kore ya shiga cikinsa ya zama lemo.

Saboda haka maganar nan da ake koya wa yara cewa duk HD 709 ne duk SD 601 ne, gaskiya ce a takarda amma kyamara ba ta karanta takarda ba. Kowane fayil sai an tambaye shi. MediaInfo ma ya isa in mutum ba ya son baƙin allo da rubutu.

Sai kuma wancan pc ɗin, shi ne abu na biyu. Bidiyon tibi da DVD haskensa daga 16 yake farawa ya tsaya a 235, kala kuma 16 zuwa 240. Canon ɗin nan daga 0 take zuwa 255, cikakken zango. In ka zuba shi haka a DVD duk abin da ke ƙasa da 16 ya zama baƙi ƙirin duk abin da ya haura 235 ya zama fari fat, kuma a hawa wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, don ga rana ga fararen riguna, aikin aska da ke ƙirjin riga fari ne a kan fari, yana zaune ne daidai a wannan saman da za a datse. Akwai wani wuri da Baba da kansa ya juyo kan doki aikin rigarsa ya fito ras, in aka datse sai dai ka ga farin ƙyalle kawai. Haka gashin baƙin doki a inuwa. In kuma aka matse zangon sau biyu, wato editan ya matse sannan kwambata ya sake matsewa, baƙi ya koma toka hoton duk ya yi fari-fari kamar an wanke shi.

Abin da nayi, na raba fayilolin gida-gida tun kafin su haɗu a tayimlayin. Na Canon na mayar da su 709 mai zango 16 zuwa 235 a tsari mai bit 10, don su zama ɗaya da na Sony, a yi editin a kan abu ɗaya, sannan a ƙarshe a sauko 601 gaba ɗaya sau ɗaya. Wani zai ce ai an je an dawo kenan, 601 zuwa 709 zuwa 601. Haka ne, amma a bit 10 abin da ake rasawa ido ba ya kama shi, kuma ina son masta na HD mai tsabta ya zauna a hadis saboda ranar da 'ya'yan za su dawo suce a ba su na YouTube, za su dawo ɗin kuwa.

Juma'a, 17 ga Janairu

Bayan masallaci na zauna kan tambayar da wani abokina edita na Zoo Road yayi min, yace matris kaɗai ka sauya, ina ainihin kalolin tushe da gama? Tambaya ce mai kyau don abu uku ne a lakabin bidiyo, matris, da kalolin tushe wato wane ja wane kore wane shuɗi ake nufi, da kuma gama, wato lanƙwasar haske.

Mu 'yan PAL mun yi sa'a a nan. Jan PAL da na 709 wuri ɗaya suke a taswirar kala, 0.64 da 0.33, shuɗi ma ɗaya, 0.15 da 0.06, fari duk D65. Kore ne kawai ya ɗan gusa, 0.29 da 0.60 a PAL, 0.30 da 0.60 a 709. Na gwada da sauya su da barinsu, na jera a sikirin, ban iya nuna bambanci da yatsa ba. 'Yan NTSC irin Amurka su ne nasu kalolin uku duk suka gusa, su abin ya fi shafa.

Lanƙwasar haske ce ke da tarko. A ffmpeg akwai filta mai suna colorspace da ke yin duka ukun lokaci ɗaya, in ka rubuta all=bt470bg don ka ga sunan yayi kama da PAL, zai ɗauka kana son gama 2.8 na tsohuwar takarda, sai ya ɗaga tsakiyar hoton, fuskoki su yi haske inuwa ta buɗe komai ya kwanta. Na gwada don in gani, kuma haka ya fito. A aikace 601 da 709 lanƙwasa ɗaya suke amfani da ita wajen ɗauka, babu abin sauyawa. Wanda ya dace shi ne all=bt601-6-625, shi yana barin hasken inda yake. Abokin nawa yace shi shekaru yana ganin DVD ɗinsa na fitowa da haske fiye da masta yana ɗora wa tibi laifi.

Wani ƙaramin abu, ƙurar da dawakai ke tayarwa a Ƙofar Kudu lokacin jafi tana yin wani laushin launi daga ƙasa zuwa sama, in aka yi lissafin matris a bit 8 sai ta fito mataki-mataki. Daga masta mai bit 10 nake saukowa tare da ɗan yayyafin dida, wato ƙananan ɗige-ɗige da ake watsawa don su ɓoye matakan, ya rage sosai, sauran kuma MPEG-2 ne ke jawo shi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na ƙona faifan gwaji, minti kaɗan na hawa da sanduna a gaba, na kai gidan Baba bayan la'asar don a tibinsa za a yanke hukunci ba a sikirin ɗina ba.

Kafin nan, maganar layi-layi. Bidiyon Sony kowane firem rabi biyu ne, layi na 1, 3, 5 an ɗauke su a wani lokaci, na 2, 4, 6 bayan kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa. In ka ƙanƙance firem ɗin a dunƙule rabin biyu za su cakuɗe, doki na gudu sai ka ga jan rigar mahayi ya bar inuwa a gefensa, don kala a DVD dama rabin girma take, 360x288 kacal, ba ta da wurin ɓoye kuskure. Ni na warware layukan zuwa firem 50 cikakku, na ƙanƙance, sannan na sake saƙa su 576i, rabin sama a gaba kamar yadda asalin yake. Tibi mai doro tana son haka, gudun dawakai ya fito sumul. Faifan kuma 16:9 ne a matse cikin 720, na'ura ce ke buɗe shi, sai da na shiga saitin na'urar Baba na gaya mata tibinsa 4:3 ce don ta sa baƙi sama da ƙasa, da can mutane dogaye sirara take nuna masa kuma ya saba da hakan.

Da aka sa sanduna nan take na ga kalar tibin tana ƙarshe, ja har yana malala cikin maƙwabcinsa. Nace Baba a ba ni izini in rage. Yace yaro ai haka ya fi kyau, kuɗin kala na biya. Muka yi dariya, na rage zuwa tsakiya na sa hawan, yayi shiru yana kallo har aka zo kan dogarai sannan yace to wannan shi ne jan, na da can da yaran suka nuna min a waya kamar an jiƙa shi. Daga baya ya sa jikansa ya ɗan ƙara kalar kaɗan, ban ce komai ba, tibinsa ce. Nawa dai abin da ke kan faifai ya zama daidai.

Abin da gwajin ya fito da shi wanda kwamfuta ba ta nuna min ba shi ne 'yan sulke. Na'urar da tibin wayar nan mai kai ruwan ɗorawa ce ta haɗa su, haske da kala duk a waya ɗaya, kalar PAL tana hawa ne a kan 4.43 MHz, to duk wani zane mai ƙanana sosai a hoto in ya faɗo kusa da nan sai tibi ta ɗauka kala ce. Sulke ƙarfe ne ruwan toka amma a tibin Baba yana walƙiya da shuɗi da ja da kore yana rawa. Haka wata rigar saƙi mai siraran layuka. Wannan ba matris ba ne, kaifin hoton ne yayi yawa, HD da aka matse da lanczos, hanyar ƙanƙance hoto mai barin kaifi, yana zuwa da ƙananan bayanai fiye da abin da kyamarar SD za ta taɓa bayarwa. Waya mai kai uku ja da kore da shuɗi da ta magance shi amma tibin ba ta da ramin, na ƙauye ma ba za su samu ba. Don haka zan koma bicubic mai laushi, wuraren sulke da saƙi kuma in ƙara musu ɗan dushi su kaɗai. A sikirin ɗin kwamfuta zai zama kamar an rage kyau, yaron ma har ya fara ƙorafi, nace ba don kwamfuta ake yi ba.

Laraba, 22 ga Janairu

An sake rendarin da bicubic, walƙiyar sulke ta ragu ƙwarai a ƙaramar tibin da na aro wurin mai gyara na layinmu, ba ta tafi duka ba amma ba ta jan ido. Jan dogarai a wasu wurare da rana ta buge shi ya ɗan haura iyaka a bektoskop, ma'aunin ƙarfin kala, na sauke shi kaɗan a masta a waɗannan wuraren kawai.

Babban ɗan Baba ya kira yace a yi musu ƙarami na waya da za su tura a WhatsApp. Nan ma sai an yi tunani, don fayil ɗin da ba shi da lakabi kowace manhaja zato take yi, manhajar kallon bidiyo ta mpv misali in faɗi ya kai 1280 ko tsayi ya wuce 576 sai ta ɗauka 709 ne, ƙasa da haka 601, wasu kuma nasu zaton daban. Na yanke shawarar na waya zai zama 1280x720 daga masta, 709 da lakabinsa, mai karanta lakabi da mai zato duk su faɗa wuri ɗaya. Na kuma roƙe shi kar kowa ya kwafi DVD ɗin ya kumbura shi zuwa HD ya ɗora a intanet, in ba a mayar da matris ba dogarai lemo za su koma, ya zo wurina ya karɓi masta.

Saura na iPhone. Na buɗe su yau, HDR ne, wato mai faffaɗan zangon haske, irin HLG a kan ƙa'idar BT.2020 mai bit 10, firem 30, abin da wayoyin ke yi tun daga iPhone 12 in ba a kashe ba. Su matris na uku ne ma, 0.2627, 0.6780, 0.0593, kuma a nan kalolin tushe da lanƙwasar haske duk sai an sauya da gaske, ba irin na PAL da za ka kau da kai ba, sai an sauko da hasken zuwa na 709 tukuna sannan su shiga layi da sauran. Na jefa ɗaya a tayimlayin haka nan don in gani, fuskoki toka-toka, koren dogari kamar ya shekara a rana. Guntayen ba su da yawa amma a ciki akwai inda ƙaramin jikan Baba ya fara hawa, ba zai yiwu a cire ba. Gobe in wuta ta samu zan gwada filtocin ffmpeg zscale da tonemap a kai, in kwatanta da wani wuri da Sony ta ɗauki dogari ɗaya a rana ɗaya, sannan in ga yadda 30 zai koma 25 ba tare da dokin yaron yana tsalle ba.